Sun Ce An Kawo Kayana, Ni Kuwa Ban Ga Komai Ba

Assalamu alaikum Anti. Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta intanet saboda ƙanina da zai fara karatu, kuma na daɗe ina tara kuɗin. Ranar da aka ce za a kawo ina gida tun safe har dare, babu wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa, babu wanda ya kira ni. Da na duba waya sai na ga an rubuta wai an isar da kayan. Na yi wa mai sayarwa magana, ya ce a wajensu ya nuna an kai, in je in nemi kamfanin da ya ɗauko. Su kuma suka ce ba ni na ba su aiken ba, sai dai mai sayarwa ya tuntuɓe su. Yau fiye da mako guda ke nan, wannan ya tura ni wajen wancan. Abin da ya fi damuna shi ne zuciyata ta fara zargin maƙwabciyata, don yaranta ba sa rabuwa da ƙofar gidanmu. Maigidana ya ce in haƙura in bar wa Allah. In tunkare ta ne, ko in haƙura?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kada ki tunkare ta, kada kuma ki haƙura tukuna. Akwai hanya ta uku, kuma ita ce ta fi kusa da dawo miki da kuɗinki. Na ji zafin abin nan a raina, domin kuɗin da aka tara da kaɗan-kaɗan saboda karatun ƙani ba abin da za a ce wa mutum ya share hawaye ya wuce ba ne.

Bari mu fara da rubutun da kika gani a waya, don shi ne ya tayar miki da hankali. Wannan "an isar" ba shaida ba ce cewa kaya sun shiga hannunki. Abin da yake nufi kawai shi ne wani ma'aikaci, a wani wuri, ya haska lambar da ke jikin kwalin da na'urarsa ko ya danna wani maɓalli. Na'urar ba ta san fuskarki ba, ba ta san ƙofarki ba. Direban da aka ɗora wa kaya fiye da ƙarfinsa yana iya haska sauran da suka rage masa da yamma don kada a ce bai cika aikin ranar ba, da niyyar ya kawo washegari. Yana iya ajiyewa a gida mai lamba irin taku a wani layin. Yana iya miƙa wa mai gadi, ko ya bar su a wata cibiyar karɓar kaya, ko ya jingine a bakin ƙofa wani mai wucewa ya yi gaba da su. Abin yana faruwa har ta kai kamfanin Amazon, babban mai sayar da kaya ta intanet, da kansa yana shaida wa masu saye cewa su jira awa 48, domin wani lokaci akan rubuta an isar kafin kayan su iso. Ke kin wuce wannan wa'adin tuni, don haka zaman jira ya ƙare.

Ki lura, a duk waɗannan hanyoyin da na lissafa, maƙwabciyarki ba ta shigo ba sai a guda ɗaya, ita ma da ƙyar. Ba ki da tabbacin ma cewa kwalin ya taɓa shigowa layinku. To a kan me za ki tsaya a gabanta? Cewa yaranta suna wasa a ƙofar gida ba hujja ba ce, yara dama a ƙofa suke wasa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda ba shi da tushe. Kwamfuta ana sake saye, amma in kika jefi uwa da cewa 'ya'yanta ɓarayi ne, ko daga baya kin zo da kuka kina ba da haƙuri, ba za ta manta ba, kuma ku ne za ku ci gaba da haɗuwa safe da yamma.

Tambaya kuwa daban take da tuhuma, kuma tambayar wajibi ce. Ki je wajenta, ki je wajen na hagu da na dama da na tsallaken hanya, da mai gadi idan akwai, ki faɗa wa kowa magana iri ɗaya: "Ina jiran wani saƙo ranar kaza, an ce an kawo amma bai iso ni ba, ko Allah Ya sa an yi kuskure an bari a nan, ko kun ga motar masu kawo kaya?" Waɗannan yaran da kike zargi, su ne ma suka fi kowa sanin ko wata mota ta tsaya a layin ranar. Idan suka ce ba su ga kowa ba, kin samu abin faɗa wa mai sayarwa. Ki kuma tambayi mutanen gidanki ɗaya bayan ɗaya, ki leƙa bayan ƙyaure da duk wani lungu da mai sauri zai iya cusa kwali. Sannan ki buɗe takardar odarki ki karanta adireshin da kika rubuta da idon basira, harafi bayan harafi. Sau da yawa manhaja kan ɗauko tsohon adireshin da mutum ya taɓa ajiyewa ba tare da ya ankara ba.

Yanzu ga zuciyar maganar, kuma a nan nake so ki tsaya da ƙafarki. Mai sayarwa ne abokin cinikinki. Shi kika ba kuɗi, shi ya yi miki alkawarin kaya, shi kuma ya zaɓi kamfanin da zai ɗauko ya biya su. Idan kika sayi abu wajen ɗan kasuwa ya ce ki tafi zai aiko yaronsa, yaron bai zo ba, ai ba yaron za ki bi kina nema ba, ubangidansa za ki koma wa. Kamfanin jigilar da suka ce miki ba ke kika ba su aike ba, a wannan gaɓar gaskiya suka faɗa: yarjejeniyarsu da wanda ya aiko take, kuma galibi shi kaɗai ke da ikon shigar da neman diyya a wajensu. Wanda ya kauce wa gaskiya shi ne mai sayarwan da ya tura ki can. Ko dai bai san aikinsa ba, ko yana fatan ki gaji ki bari.

Ba ra'ayina ba ne kawai. A Birtaniya, sashe na 29 na dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ya ce kaya suna nan a wuyan mai sayarwa har sai sun shiga hannun mai saye, ko hannun wanda mai sayen ya ambata ya karɓa masa. Tarayyar Turai ma tana da irin wannan tanadi a dokarta ta 2011 kan haƙƙin masu saye. Togaciyar da aka yi ita ce idan mai saye ne da kansa ya nemo nasa mai ɗauko kayan, wanda mai sayarwa bai gabatar masa ba. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tushen ɗaya ne a ciniki: wanda ya karɓi kuɗi shi zai nuna ya sauke nauyi. Ba aikinki ba ne ki tabbatar da cewa abu bai zo ba, domin babu yadda mutum zai ɗauki hoton abin da babu shi. Aikinsu ne su nuna ya zo, kuma ya zo gare ki.

Saboda haka ki daina kiran waya. Maganar baki iska ce, gobe wani ma'aikacin zai ɗauka ya ce bai san zancen ba. Ki rubuta, ta imel ko ta cikin manhajar da kika yi sayayyar, inda komai zai zauna da kwanan wata. Kada ki yi zagi, kada ki yi magiya, kada ki ba da labarin yadda kika tara kuɗin, don ba zai motsa su ba. Gajeren saƙo ya isa: lambar oda, lambar bin diddigin kaya, ranar da aka ce an isar, sai ki ce, "Ina gida a ranar, ban karɓi komai ba, ban wakilta kowa ya karɓa mini ba, na tambayi maƙwabta babu wanda ya karɓa. Ina neman ku buɗe bincike da kamfanin da kuka aiko, ku turo mini shaidar isarwa, kuma ku mayar mini da kuɗina ko ku sake aiko da kayan nan da kwana bakwai." Ki sa ranar da wa'adin zai cika da lambobi. Kafin ki tura, ki ɗauki hoton allon wayarki na shafin bin diddigin tun daga farko har ƙarshe, domin irin waɗannan bayanai sukan ɓace bayan wani lokaci.

Wannan shaidar isarwa da na ce ki nema, ita ce ke warware yawancin irin wannan rikici, kuma mutane da dama ba su san tana nan ba. Manyan kamfanonin jigila sukan ajiye abubuwa fiye da wanda suke nuna wa mai saye. Akwai hoton da direba ya ɗauka a inda ya ajiye kwalin. Akwai sa hannu ko sunan wanda ya karɓa. Akwai daidai lokacin da aka haska lambar, kuma da yawa daga na'urorinsu suna riƙe da wurin da aka tsaya aka haska ta hanyar GPS, wato tsarin gano wuri ta tauraron ɗan adam. Akwai nauyin kwalin da aka auna lokacin karɓarsa, da cikakken adireshin da ke manne a jikinsa. Ki nemi duka. Idan hoton ya nuna ƙofar da ba taku ba, ki ɗauki hoton taku ƙofar da lambar gidan ki tura musu gefe da gefe, magana ta ƙare. Idan sa hannun ba naki ba ne, sunan kuma ba na kowa a gidanku ba, ki faɗa a rubuce. Idan wurin da na'urar ta nuna yana wata unguwa, sun kama kansu da kansu. Ko da kamfanin jigilar sun ƙi ba ki takarda, ki roƙe su su amsa miki tambaya ɗaya a rubuce: shin adireshin da ke jikin wannan kwalin ya yi daidai da nawa, e ko a'a?

Na dage kan nauyi da adireshi ne saboda wata damfara da ta zama ruwan dare. Mai sayarwa na bogi yakan karɓi kuɗi, sai ya aika ambulan ko wani ɗan tarkace zuwa wani gida dabam a yankin mai saye. Da yake shafin bin diddigi yawanci gari ko yanki kawai yake nunawa, ba ya nuna lambar gida, sai a ga an isar, shi kuma ya riƙe wannan a matsayin hujja. Wani ma lambar wani kwalin da ba nasa ba yake ba mutum. Kwamfutar tafi-da-gidanka da cajarta da kwalinta ba za ta yi nauyin wasiƙa ba. Idan bayanan kamfanin suka nuna 'yan giram kaɗan, to kin gane da wa kike ciniki, kuma kin samu hujjar da ta fi kowace ƙarfi. Idan kuma daga wata ƙasa kayan suka taso ta gidan waya, ki duba lambar: tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya shi ne haruffa 2 a farko, lambobi 9 a tsakiya, haruffa 2 na ƙasar da aka aiko a ƙarshe. Da irin wannan lambar kina iya dubawa a shafin gidan wayan ƙasarku, domin wani lokaci kayan suna zaune ne a ofishinsu suna jiran mai su.

Abin da nake jin tsoro a kanki shi ne lokaci. Kowace hanyar neman haƙƙi tana da ranar rufewa, kuma mai son cinye kuɗinki ya san wannan sarai. Shi ya sa za ki ji ana cewa "ƙara haƙuri, muna dubawa" mako bayan mako. A eBay, wani dandalin saye da sayarwa ta intanet, wa'adin shigar da ƙorafi kwana 30 ne daga ranar isarwa ko ranar ƙarshe da aka ƙiyasta, kuma idan mai sayarwa bai warware ba cikin kwanakin aiki 3 kina iya neman kamfanin ya shiga tsakani. A Amazon, ga kayan da wasu 'yan kasuwa ke sayarwa a dandalin, kwana 90 ne daga ranar ƙarshe da aka ƙiyasta. A PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, kwana 180 ne daga ranar biya ga kayan da ba su iso ba, amma da zarar kin buɗe ƙorafi kina da kwana 20 kacal ki ɗaga shi zuwa ga kamfanin, in ba haka ba, sai ya rufe da kansa. Kamfanoni suna sauya ƙa'idojinsu, don haka yau ɗin nan ki buɗe shafin inda kika yi sayayyar ki karanta nasu wa'adin, ki rubuta ranar a inda za ki riƙa gani. Kuma ko mai sayarwa ya rantse zai turo kuɗin gobe, kada ki rufe ƙorafin sai kin ga kuɗi a asusunki. A wurare da yawa ƙorafin da aka rufe ba a sake buɗe shi.

Idan duk wannan bai yi ba, sai banki. Idan da kati kika biya, ki je ko ki rubuta wa bankinki cewa kina ƙalubalantar cirar kuɗin saboda ba a kawo kaya ba, abin da ma'aikatansu ke kira cajbak. A tsarin Visa da Mastercard, wa'adin yawanci kwana 120 ne. A Amurka, masu katin bashi suna da wata dokar ta 1974 da ta ba su kwana 60 daga ranar da aka aiko takardar bayanin asusun da cirar ta fara bayyana a ciki, su rubuta ƙorafi. Banki zai tambaya ko kin fara neman mai sayarwa, a nan ne saƙonnin da kika ajiye za su yi miki rana. Ki kiyaye abu biyu. Kada ki buɗe ƙorafi a banki alhali na dandalin yana tafiya, domin wasu, kamar PayPal, suna rufe nasu da zarar banki ya shigo. Kuma ki faɗi gaskiyar abin da ya faru. Wasu za su ba ki shawarar ki ce ba ke kika yi sayayyar ba, wai ya fi sauri. Ƙarya ce, haramun ce, kuma in aka gano, ke mai gaskiya za ki koma mai laifi.

Ba zan yaudare ki ba, akwai inda hanyar take da wuya. Dandali da bankuna sukan karkata ga mai sayarwa idan ya nuna an isar a adireshin da ya dace, shi ya sa hoto da sa hannu da nauyi suke da muhimmanci haka. Idan ke ce kika rubuta a cikin odar cewa a ajiye a bakin ƙofa ko a ba maƙwabci, hujjarki ta yi rauni, domin za su ce umarninki suka bi. Idan kuma kai tsaye kika tura kuɗin zuwa asusun mutum, ba ta kati ko dandali ba, babu wannan kariyar ta janyo kuɗi. Abin da ya rage shi ne ki sanar da bankinki da gaggawa idan alamu sun nuna damfara, ki kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarku, ko ƙaramar kotun da ke sauraron irin waɗannan ƙananan da'awa. Idan hoton ya nuna lallai ƙofarku ce, to an sace ne bayan ajiyewa. Ki kai rahoto wajen 'yan sanda ki karɓi takarda, ba tare da ambaton sunan kowa ba tunda ba ki ga kowa ba. Masu sayarwa da yawa suna neman wannan takardar kafin su biya kaya masu tsada. Kuma ko a nan kina da ta cewa: kina gida, ba a ƙwanƙwasa ba, ba a kira ba, ba ki ce a yar da kwamfuta a waje a tafi ba. Ki tambayi mai sayarwan lambar da ke jikin kwamfutar ita kanta, wadda masana'anta suka buga, ki sa a cikin rahoton.

Ki kuma yi hattara a 'yan kwanakin nan. Mai jiran kaya shi ne abin farautar 'yan damfara. Saƙo na iya shigo miki cewa an riƙe kayanki, ki danna wani mahaɗi ki biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Lambobin katinki suke so. Kada ki danna, kada ki ba kowa lambar sirrin da banki ke turowa, ko da ya ce daga kamfanin yake kuma kuɗinki zai mayar miki. Mai mayar da kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri.

Game da maigidanki, ina ganin tausayinki ne ya sa ya faɗi haka, ya ga abin yana hana ki barci. Ki karɓi rabin shawararsa: ki bar wa Allah abin da ke cin zuciyarki, da zargin da ya shiga tsakaninki da baiwar Allahn nan. Amma neman haƙƙi ta hanyar da ta dace ba rashin tawakkali ba ne. Ki nuna masa saƙon da za ki tura, ki roƙe shi ya raka ki idan ta kai ga zuwa banki ko ofishin 'yan sanda. Idan ya ga abin rubutu ne da ranaku, ba hayaniya da maƙwabta ba, ina kyautata zaton zai mara miki baya.

Idan aka ba ki zaɓi tsakanin a sake aikowa da a mayar da kuɗi, ki duba yadda mai sayarwan ya yi mu'amala da ke. Wanda ya fara da tura ki wani wajen, ni dai kuɗina zan karɓa. In kuma kika yarda a sake aikowa, ki nemi a kawo da sharaɗin sa hannu, ko da lambar sirri ta karɓar kaya wadda sai kin faɗa wa direba kafin ya iya rubuta an isar, ko a kai cibiyar da za ki je ki karɓa da katin shaidarki. Idan kuma bayan an biya ki sai ga kwalin farko ya ɓullo daga wani gida da aka kai shi bisa kuskure, ki sanar da mai sayarwa a rubuce, su zo su ɗauka ko ki sake biya, domin a lokacin ya zama amana a hannunki. Shi kuma ƙaninki ki gaya masa halin da ake ciki tun yanzu, don ya nemi aron na'urar da zai fara karatu da ita, saboda binciken banki yakan ɗauki makonni. Allah Ya mayar miki da haƙƙinki, Ya ba shi sa'ar karatu.